Davis Vantage Vue: na'urar auna yanayi mai ƙarko, amma a san inda za a kafa ta kafin a biya kuɗi

Davis Vantage Vue ƙaramar tashar auna yanayi ce da kamfanin Davis Instruments na garin Hayward a Kalifoniya ta Amurka ke ƙerawa, kuma tun 2009 take kasuwa. Abu shida take aunawa kai tsaye: zafi, danshin iska, saurin iska, inda iskar ta fito, yawan ruwan sama, da nauyin iska. Sauran lambobin da ke fitowa a allo, irin su matakin raɓa (digirin da raɓa ke fara kwanciya a kansa) da zafin da jiki ke ji, lissafinsu take yi daga waɗannan shida. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne tun kafin a ɗora na dako da na kwastam, saboda haka ba abin saye don ƙawa ba ne. Za mu dube ta ne da idon mai son kafa ta a makaranta ko gona ko gidan kaji a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda ƙurar hunturu da zafin bazara da ruwa mai saukowa da ƙarfi ke gwada kowace na'ura.

A ganina na'ura ce mai gaskiya, tana kuma daɗewa. Matsalarta guda ce babba: an dunƙule dukkan ma'aunan a jiki ɗaya, alhali kowannensu da tsayin da yake bukata daga ƙasa. Duk sauran abin da za a faɗa a kanta yana komawa ga wannan.

Kashi biyu ne a cikin kwali. Akwai na waje, farar roba mai jure rana. A samanta akwai kofuna uku masu juyawa don saurin iska, da bakin mazurarin ruwa, a gefe kuma ɗan faifan sola. A ƙasanta akwai kibiyar da ke nuna inda iska ta fito, da wasu fararen faya-faye da aka jera kan juna, waɗanda ma'aunin zafi da na danshi ke ɓoye a cikinsu. Sai na ɗaki, wato allon karatu, wanda ma'aunin nauyin iska ke cikinsa. Babu waya tsakanin su biyun. Na wajen yana aika saƙo ta rediyo kowace daƙiƙa 2.5, har nisan mita 300 idan babu abin da ya gitta. Bangon siminti da rufin kwano suna cinye wannan nisa ƙwarai, don haka a ajiye allon kusa da taga mai kallon turken da za a ɗora na wajen a kai.

Haɗa ta ba ya cin lokaci. A zura kofunan a kan sandarsu a ɗaure ɗan sukurun gefe da siririn makulli mai kusurwa shida da ke cikin kwalin. Kibiyar ta hanya ɗaya kawai take shiga, domin gefe ɗaya na sandarta a shafe yake, kada a tilasta ta. Cokalin ruwa, wanda ke karkata in ya cika don a ƙirga ruwan sama, daga ƙasa ake tura shi a ɗaure da sukurun hannu, sannan a sa 'yar ragar tare shara a cikin mazurari. Kafin a hau tsani a kunna allon a ƙasa, a juya kofunan da yatsa, a karkata cokalin sau biyu, a tabbata lambobi sun motsa. Bayan an gama kafawa a share wannan ruwan ƙaryar daga allo, har da wanda girgizar ɗauka ta jawo, in ba haka ba zai zauna a cikin jimillar shekara. Maɗaurin yana kama turke mai kaurin milimita 25 zuwa 44. Fayif ɗin ruwa na ƙarfe mai inci ɗaya ko inci ɗaya da kwata ya yi daidai, mai inci ɗaya da rabi ba zai shiga ba. A binne gindinsa da kankare, idan kuma ya haura mita 3 a ɗaure shi da wayoyi uku zuwa ƙasa, domin turke mai rawa yana sa cokalin ya zubar da ruwa kafin ya cika.

Akwai abin da ya kamata a tantance tun wajen oda. Ana yin ta iri-iri bisa ga ƙasar da za a kai ta. Ta Amurka tana magana a zangon rediyo na megahaz 902 zuwa 928, wanda ya shiga cikin zangon da layukan wayar salula ke amfani da shi a Afirka da Turai. Ta Turai da ta Ingila a 868 suke, su suka fi dacewa da mu. Na waje da allo dole su zama 'yan gida ɗaya, na Amurka ba ya jin na Turai. Cokalin ta Amurka yana zubarwa a kan kashi ɗaya cikin ɗari na inci, wato milimita 0.254, na Turai kuwa a kan milimita 0.2. Filogin ta Ingila mai baki uku shi ke shiga soket ɗin Najeriya, na Turai mai baki biyu kuma na Nijar.

Yanzu ga maganar tsayi. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a auna zafi da danshi a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, a fili, a inuwa mai shan iska. Iska kuwa a mita 10 ake auna ta, kuma nisan turke daga kowane gini ko bishiya ya kai tsayin abin sau 10. Ma'aunin ruwan sama ƙasa-ƙasa yake so, domin can sama iska na kaɗe ɗigon ruwa daga bakin mazurari, kuma nisansa daga bishiya ya ninka tsayinta aƙalla sau biyu, sau huɗu ya fi. Vantage Vue ba za ta cika waɗannan uku a lokaci guda ba. In an ɗaga ta mita 10, iska ta yi daidai, ruwa ya ragu, tsaftacewa kuma ta zama aikin hawa sama. In an sauke ta mita 2, zafi da ruwa sun yi kyau, amma saurin iskar da za ta nuna zai gaza na filin jirgin sama, kuma ba laifinta ba ne. Ga manomi da makaranta mita 2 ya fi: ruwa da zafi su ne abin nema, kuma iskar da ke kaɗa amfanin gona da maganin feshi ta wannan tsayin ce. A dai rubuta tsayin a littafin tashar don wanda zai yi amfani da lambobin daga baya ya sani.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kafa ta a kan rufin kwano, saboda tsoron ɓarayi da yara. Tsoron na da dalili, amma kwano da rana tsaka tanda ne, kuma iskar da ke tashi daga kansa ce za ta shiga cikin faya-fayen. A watan Afrilu za a riƙa ganin lambobi masu ban tsoro waɗanda ba na garin ba ne, na rufin ne. Haka dandamalin siminti, da gefen bango mai kallon yamma, da kusa da bututun hayaƙin janareta. Gara a kewaye ɗan fili da ragar waya, wadda iska ke ratsawa, a sa ƙofa da kwaɗo. Katangar bulo ba ta yi ba.

Ma'aunin zafin kansa ba shi da abin zargi. Yana karatu daga digiri 40 ƙasa da sifili har 65 a ma'aunin Salshiyos, kuma kuskuren da kamfanin ya amince da shi bai wuce rabin digiri ba. Sai dai faya-fayen da ke kare shi ba su da fanka, da iskar Allah suka dogara. Ranar da rana ta ƙwalle iska kuma ta tsaya cik, suna iya ɗumama su ƙara digiri ɗaya ko fiye. Idan ƙura ta mayar da su ja, abin ya ƙaru, domin farin ne ke mayar da hasken rana. Wanda ya saba da akwatin Stevenson na makarantun da, farin akwatin katako mai tagogin iska, aikin ɗaya ne aka ƙanƙanta.

Danshi yana bukatar a tsaya a kansa, domin nan ne na'urar ta fi biyan kuɗinta, kuma nan aka fi yi mata mummunar fahimta. Lambar da ke da alamar kashi cikin ɗari ba yawan tururin ruwan da ke cikin iska take faɗa ba. Tana faɗin yadda iskar ta kusa ƙoshi ne a zafin da take ciki a lokacin, kuma iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi. Ga misali: iskar da ke nuna kashi 64 da asuba a digiri 22, ita ɗin ce dai za ta nuna kashi 23 da la'asar a digiri 40, ba tare da ta rasa ko ɗigo ba. Mai kallon wannan lamba kaɗai zai zaci iskar damina ta zo da safe ta gudu da rana. Abin dubawa shi ne matakin raɓa, wato digirin da iska za ta sauka zuwa gare shi kafin raɓa ta fara kwanciya. Shi ba ya hawa da sauka da zafin rana sosai. A misalin nan digiri 15 ne safe da yamma.

Wannan lamba 15 tana da muhimmanci a Afirka ta Yamma. Masana yanayi suna amfani da matakin raɓa na wajen digiri 15 don shata iyaka tsakanin busasshiyar iskar arewa maso gabas, mai ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da iska mai laima ta kudu maso yamma da ke tasowa daga tekun Atilantika. A tsakiyar hunturu allon zai nuna ƙasa da 5, wani lokaci ƙasa da sifili. A marka zai zauna sama da 20. A bazara kuwa za a ga yana kai-komo, yau 8 gobe 17, kibiya ma tana juyawa tsakanin arewa maso gabas da kudu maso yamma. Idan ya zauna sama da 15 dare da rana na kwanaki a jere, iskar damina ta kafu a wurin. Ba alƙawarin ruwa gobe ba ne, don ruwa na sosai yana biyo bayan iyakar da nisa mai yawa, amma in babu wannan laimar ba a maganar hadari. A ƙarshen damina kuma faɗuwarsa ce ke nuna lokacin shanya ya yi.

Sai ruwan sama, wanda shi ne dalilin da yawancin masu saye ke saye. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Yadda na'urar ke aunawa shi ne, ruwa ya bi mazurari ya ɗiga cikin ɗan cokali, in ya cika ya karkata ya zubar, maganaɗisun da ke jikinsa ya wuce gaban wani ɗan makunni, allo ya ƙirga ɗaya. Faɗin bakin mazurarin kusan murabba'in santimita 115 ne, kusan rabin na babbar yayarta Vantage Pro2. Ruwan da ke karkatar da cokalin bai kai mililita 3 ba. Daga nan za a gane dalilin da ya sa ɗan abu kaɗan ke rikita shi.

Ƙura ce ta farko. Wata biyar ko shida tana taruwa a cikin cokalin, ruwan fari ya zo ya kwaɓa ta ta zama taɓo. Taɓon yana ƙara wa cokalin nauyi, sai ya riƙa karkata kafin ruwa ya kai adadi, lamba ta haura gaskiya. In kuma ya toshe ramin mazurari, sai allo ya nuna sifili ana tsaka da ruwa, daga baya ya riƙa ƙirga ɗigo ɗaya-ɗaya har washegari da rana. Duk wanda ya ga ruwa na ƙaruwa a allo alhali sama garau take, ya je ya duba mazurari. Ganyen darbejiya da 'ya'yanta, kashin tsuntsu, fukafukan shinge bayan ruwan fari, duk suna yin wannan aiki. Gizo-gizo kuma yakan ɗaure cokalin da yana, zanzaro ya gina ɗakinsa a inda cokalin ke karkata. Na biyu rashin daidaito. A saman na'urar akwai ƙwayar iska a cikin ruwa irin ta ma'aunin magina. In ba ta tsakiya, duk lissafin ruwan ya karkace, kuma turke kan sunkuya bayan ƙasa ta jiƙa, don haka a sake dubawa bayan manyan ruwa biyu na farko.

Na uku ba ya gyaruwa, halin irin wannan ma'auni ne ko na wane kamfani. A daidai lokacin da cokali ke karkata, ruwan da ke sauka yana wucewa ba a ƙirga shi ba. A yayyafi wannan ba kome ba ne. Amma ruwanmu sau da yawa a dunƙule yake zuwa, ƙarfinsa a 'yan mintocin farko ya haura milimita 100 a awa, ga iska tana kora shi a kwance. A irin wannan ruwa Vantage Vue tana rage lamba, kuma abin takaicin shi ne irin ruwan da ke cika madatsa ya kawo ambaliya ke nan.

Maganinsa mai araha ne: ma'aunin ruwa na hannu a kafa shi 'yan mitoci daga turken. Ko dai na ƙarfe mai baki milimita 127 irin na tashoshin gwamnati, wanda bakinsa ke santimita 30 daga ƙasa, ko na roba mai baki inci 4 wanda bututun cikinsa ke ɗaukar milimita 25, in ya cika ya malala cikin babban. A karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya, ido daidai da saman ruwan, a zubar. Jimilla a ɗauka daga na hannu, lokacin da ruwa ya fara da ƙarfinsa a ɗauka daga na'ura. Wajen kwatanta su akwai tarko: allon yana mayar da ruwan yini sifili da ƙarfe 12 na dare, hadarinmu kuwa yana son dare. Ruwan da ya fara 11 ya ƙare 1 zai rabu gida biyu a allo, a na hannu kuwa guda ne. A yi amfani da lambar jimillar hadari, wadda ba ta rufewa sai an yi awa 24 babu ruwa.

Ana iya gwada cokalin da rani. A raba faɗin bakin mazurari da 10, abin da ya fito shi ne mililitan da ke daidai da milimita ɗaya, a nan kusan 11.5. A auna mililita 115 da sirinji, a zuba a gora, a ɗiga shi a hankali ta robar ƙarin ruwa cikin kamar rabin awa. Ya kamata allo ya nuna kusa da milimita 10. In ya kauce da fiye da rabin milimita, a wanke cokalin a duba daidaito a sake. Kada a kwarara ruwan gaba ɗaya, sakamakon ba zai nuna kome ba.

Amfanin wannan wahala yana fitowa a lokacin shuka. Ƙa'idar da masana aikin gona na yankin Sahel suka daɗe suna bi ita ce, damina ta kama idan an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, kuma ba a samu tsaiko na fiye da kwana 7 ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin ƙa'idar na biyu sai daga baya ake sanin sa, amma na farkon ma'auni ne ke faɗa. Ruwan milimita 8 mai iska da tsawa yakan yi kama da ruwan shuka a ido, ya jiƙa sama-sama, iri ya tsiro ya ƙone.

Ɓangaren iska shi ne inda Davis ta fi masu araha. Hukumar yanayi ta duniya tana ɗaukar bugun iska a matsayin mafi ƙarfin daƙiƙa 3, matsakaicin sauri kuma na minti 10. Aika saƙo duk daƙiƙa 2.5 ya sa tana kama bugun da ke gaban hadari, wanda shi ke yaye rufi, kuma allon yana ba da matsakaicin minti 10. A tuna cewa kibiya inda iska ta fito take faɗa, ba inda ta nufa ba: digiri 90 gabas, 180 kudu, 225 kudu maso yamma, 45 arewa maso gabas. An saita ta ne a kan cewa faifan sola na kallon kudu. In an juya shi wani wajen ba a gyara a allo ba, kowace alƙibla ta zama ƙarya. Kamfas ɗin waya ya isa, domin bambancin arewar maganaɗisu da arewa ta gaskiya a yankinmu bai kai digiri 2 ba, sai dai a ja baya daga turken ƙarfen kafin a karanta. A zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kai: mita ɗaya a daƙiƙa kilomita 3.6 ce a awa, not ɗaya na ma'aikatan jiragen sama kuma kilomita 1.852. Mai feshi ya dakata in iska ta haura wajen kilomita 15 a awa.

Zuwan hadari yana da kyan gani a jadawalin allon. Iskar kudu maso yamma ta lafa, kibiya ta juya gabas farat ɗaya, bugu ya zo, zafi ya faɗi da digiri da dama cikin 'yan mintoci, wani lokaci har 10, sannan cokali ya fara ƙirga. Malamin labarin ƙasa ba zai samu abin koyarwa da ya fi wannan ba.

Nauyin iska ana auna shi da hektofaskal, kuma matsakaicinsa a bakin teku 1013 ne da ɗoriya. Yana raguwa da kusan 12 a kowace mita 100 da aka hau. A Kano, mai tsayin wajen mita 480, ainihin nauyin yana kusa da 958, a Jos kuma ƙasa da 880. Allon yana mayar da shi lissafin bakin teku, shi ya sa dole a shigar masa da tsayin wurin daidai. Kuskuren mita 50 yana kawo kuskuren hektofaskal 6. Wanda ke kusa da filin jirgin sama ya kwatanta da rahoton yanayinsa da ake samu a intanet: lambar filin Malam Aminu Kano DNKN ce, ta Sakkwato DNSO, ta Damagaram DRZR, ta Yamai DRRN. A wajen saita agogo a kashe canjin lokacin bazara irin na Turai, Najeriya da Nijar awa ɗaya suke gaban agogon GMT duk shekara.

Hoton hasashe da ke allon, na rana ko girgije ko ruwa, a yi watsi da shi. Galibi ya dogara ne da hawa da saukar nauyin iska, dabarar da ke aiki a Turai da Amurka inda faɗuwar nauyi ke nuna ruwa na tafe. A ƙasashe masu zafi nauyin yana hawa da sauka sau biyu kullum kamar agogo: sama wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ƙasa wajen 4 na yamma da 4 na asuba, da tazarar hektofaskal 2 zuwa 4. Alamar nauyin iska da ke allon za ta nuna faɗuwa kowace azahar, ko a tsakiyar Janairu. In hadari ya iso ma, tsalle sama nauyin ke yi. Hasashe a neme shi wurin NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, wadda ke fitar da na damina a farkon kowace shekara, ko hukumar yanayi ta Nijar da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai.

Wutar na waje ba ta da damuwa. Sola na ciyar da shi da rana, yana kuma cika wata 'yar ma'ajiyar caji da ke riƙe shi da dare, sai batirin CR123A mai bolt 3 a matsayin madogara, wanda kan wuce shekara biyu in sola na aiki. Ba a cajin wannan batir, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Abin lura a wajenmu shi ne, daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta ranar tsaka tana arewa da kai a daidai Kano, faifan kuwa kudu yake kallo, ga giragizai. Saboda haka a shiga damina da sabon batir. Idan batir ya fara ƙarewa cikin 'yan watanni, ko saƙo ya riƙa yankewa da asuba, ma'ajiyar cajin ce ta tsufa. Rashin waya tsakanin turke da ɗaki yana da wata fa'ida: aradu ba ta da hanyar bi ta shiga gida. Duk da haka dogon turken ƙarfe a fili yana bukatar a haɗa shi da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa.

Allon ne ke da magana. Tsohon samfurin, mai baƙin rubutu da maɓallai, yana yin watanni a kan batir uku masu girman C, abin da ya dace da inda wuta ba ta zama. Sai dai ba ya shiga intanet da kansa, kuma don a kwashe bayanai zuwa kwamfuta sai an sayi ma'adanar WeatherLink daban. Tana ɗaukar layi 2,560, wato kwana 53 in ana ajiya duk rabin awa, kwana 9 kacal in duk minti 5 ne, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Sabon allon mai launi, wanda ake taɓawa da yatsa, yana hawa Wi-Fi ya aika kome zuwa waya, amma batirin cikinsa ba ya kai yini guda. In babu inbata ko sola a ɗakin, za a samu giɓi a bayanai.

Kulawa ba ta da yawa, lokacinta ne ba a so a kuskure. A ƙarshen bazara, kafin ruwan fari, a kwance cokali a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a zare ragar a buɗe ramin mazurari, a kwance faya-fayen a wanke su su koma fari. Ma'aunin danshin da ke ciki ba a jiƙa shi, burushi mai laushi ya isa a kaɗe ƙurar ragarsa. A cire kofuna a goge sandar da tsumma. Kada a sa mata mai ko giris ko kaɗan: mai yana kama ƙura ya zama abin da zai ci sandar. Alamar ta fara ciwo ita ce kofuna su tsaya alhali ganye na motsi. A cikin damina a leƙa mazurari duk mako, a hunturu a goge faifan sola duk mako biyu.

Akwai abin da ba ta aunawa, kuma ba a iya ƙara mata shi a jikinta. Ba ta da ma'aunin ƙarfin hasken rana, don haka ba ta lissafa ruwan da ƙasa da shuka ke asara a yini, wanda a Maris da Afrilu kan kai milimita 7 ko 8, wato lita 70,000 zuwa 80,000 a hekta. Mai noman rani da ke son tsara ban-ruwa da lamba ya dubi Vantage Pro2 Plus, wadda ke da wannan ma'auni, kuma kofunan iskarta na rabuwa da jiki da waya mai mita 12, a ɗaga su sama a bar sauran a ƙasa. Ko kuma ya kafa farantin auna ƙafewar ruwa mai faɗin santimita 120.7. Kaurin hazo ma ba ta san shi ba, har yanzu ido ne ke auna shi da alamomin da aka san nisansu. Mai kaji kuma ya sani cewa zafin waje take faɗa, sai ya rataye ma'auni daban a cikin ɗakin a daidai tsayin kajin.

Tashoshin Ecowitt na ƙasar Sin sun fi ta araha nesa ba kusa ba, suna zuwa da ma'aunin haske, suna hawa intanet ba tare da ƙarin kaya masu tsada ba. Samfurinsu da ya fi yaɗuwa duk daƙiƙa 16 yake aika saƙo, kuma shi ma a dunƙule yake, da matsalar tsayi iri ɗaya. Ga mai son ya ga lambobi a waya, sun wadatar. Vantage Vue ta dace da makaranta ko gonar da ke son tara bayanan shekaru masu yawa daga wuri ɗaya, kuma take da mutum takamaimai da aka ɗora wa wanke cokali da karanta ma'aunin hannu. Wanda ruwan shuka kaɗai ya dame shi, ma'aunin hannu da littafi sun ishe shi. Wanda kuma ya yanke shawarar saye, ya haɗa da kofunan iska na ajiya, da cokali ɗaya, da batir CR123A biyu a cikin odar farko, domin kowannensu ana canja shi da hannu cikin 'yan mintoci, amma jiran a aiko da shi daga waje na iya cinye rabin damina.